Rarrabe Tsutsotsin Nematod na Cikin Ƙasa: Daga Siffar Baki Zuwa Ƙwayar Gado

Ƙasar gona mai danshi, ko da cikin tafin hannu ce, tana iya ɗauke da ɗaruruwa ko dubban tsutsotsin da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira nematod. Ba tana ba ce, ba kuma tsutsar ƙwaro ba ce wadda za ta rikiɗe ta yi fiffike. Halittu ne sirara masu kama da zare, jikinsu garau ba launi, yawancinsu tsawonsu bai kai milimita 2 ba, kuma suna rayuwa ne a cikin ɗan siririn ruwan da ke lulluɓe da ƙwayoyin ƙasa. 'Yan uwansu na jini sanannu ne a wurinmu ta fuskar cuta, domin tsutsar ciki da kurkunu da tsutsar da ke haddasa tundurmi duk rukuninsu ɗaya. Wani babban bincike da aka wallafa a shekarar 2019, wanda ya tattara samfurin ƙasa 6,759 daga nahiyoyin duniya, ya ƙiyasta cewa a saman ƙasa kaɗai akwai nematod kimanin biliyan 57 a madadin kowane mutum ɗaya da ke raye. Sai dai nau'o'in da aka bayyana aka raɗa wa suna, na ƙasa da na ruwa da na jikin dabbobi baki ɗaya, ba su wuce 30,000 ba, alhali wasu masana na ganin adadin da ke akwai zai iya kai miliyan. Daga cikin sanannun, kimanin 4,100 ne ke cin tsiro.

Abin da ya sa rarrabe su ke da wuya shi ne tsarin jikinsu kusan iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Babu ƙafa, babu gaɓoɓi, babu fiffike, babu launin da za a riƙa a matsayin alama. Mai nazarin tsuntsaye yana da gashi da kuka da siffar sheƙa, mai nazarin itatuwa yana da ganye da fure da 'ya'ya, amma mai nazarin nematod abin da ke gabansa shi ne bututu mai baki a gaba da wutsiya a baya, wanda bambancinsa da ɗan uwansa zai iya zama tazarar mikiromita biyu ko uku (mikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) tsakanin wasu gaɓoɓin ciki. Saboda haka kowace hanya da aka ƙirƙiro ta gane su tana ganin wani abu ta makance ga wani, kuma sunan da za a samu a ƙarshe ya dogara ne da hanyar da aka bi da kuma tambayar da aka je da ita.

Makantar tana farawa tun wajen fitar da tsutsar daga ƙasa. Hanya mafi daɗewa kuma mafi araha ita ce wadda wani likita Bajamushe, Baermann, ya bayyana a 1917 lokacin da yake aiki a ƙasar da ake kira Indonesiya a yau, inda yake neman 'ya'yan tsutsar hanji mai shan jini a cikin ƙasa. Ana ƙunshe ƙasa a ƙyalle mai laushi, a ɗora a bakin mazurari cike da ruwa wanda aka toshe ƙasansa, a bar shi kwana ɗaya ko biyu. Tsutsotsin sukan ratso ƙyallen da kansu, da yake kuma ba su iya iyo zuwa sama, sai su nutse su taru a gindin mazurarin. A 1965 Whitehead da Hemming suka mayar da wannan dabara kan faranti mai faɗi, aka shimfiɗa takarda mai laushi a kan rariya, ƙasar ta bazu siririya, iska ta wadata, kuma wannan ita ce hanyar da ɗakunan bincike masu ƙaramin ƙarfi suka fi amfani da ita. Aibinta a fili yake: tsutsar da ke motsi kaɗai take kamawa. Dangin da ake kira Criconematidae, masu kaurin fata da zobba-zobba a jiki, nauyin jiki gare su ƙwarai, da yawansu ba sa ratso takardar, don haka wanda ya dogara da faranti zai rubuta cewa babu su a gonar alhali suna nan jingim. Su sai an bi ta hanyar tacewa da rariyoyi masu ƙananan idanu, ko hanyar da Jenkins ya bayyana a 1964, inda ake juya samfurin a na'ura cikin ruwan sukari mai kauri, ƙasa ta kwanta, tsutsotsi rayayyu da matattu su taso. Manyan tsutsotsi irin Xiphinema da Longidorus kuwa, waɗanda wasunsu kan kai milimita 10, sukan maƙale a takarda ko ruwan sukarin ya lalata su. Jerin sunayen da wani rahoto ya kawo, ke nan, ba ya cika ma'ana sai an faɗi yadda aka tace ƙasar.

Bayan an fitar da su, sai a kashe su da zafi mai sauƙi na kusan digiri 60, domin jikin ya saki ba tare da ya dahu ba, a adana a ruwan fomalin, sannan a bi da su sannu a hankali zuwa cikin gilisarin bisa tsarin da Seinhorst na ƙasar Holan ya shimfiɗa a 1959. Gaggawa a wannan mataki tana sa jikin ya yamutse, ma'aunai su tashi daga yadda suke. Yanayin da tsutsa ke kwantawa bayan zafin ma alama ce: Helicotylenchus takan nannaɗe kamar gammo, Pratylenchus takan miƙe kusan sak, wasu kuma su lanƙwashe kaɗan ta gefen ciki.

Abu na farko da mai dubawa ke kallo a madubin ƙara girma shi ne baki, domin baki ne ke faɗin sana'ar tsutsa. Masu cin bakteriya, irin dangin Rhabditidae, bakinsu buɗaɗɗen bututu ne ba makami, a ƙarshen maƙogwaronsu kuma akwai wani dunƙulen tsoka mai ɗan abin niƙa a ciki. Dangin Cephalobidae, waɗanda suka yi yawa a busasshiyar ƙasa mai yashi, wasunsu suna da tsirarrun rassa a kan leɓɓansu, har kan Acrobeles ya zama ɗaya daga cikin mafi sauƙin ganewa. Mafarauta irin Mononchus suna da kogon baki mai faɗi da katanga mai kauri da haƙori guda babba a gefen sama, kuma akan ga ragowar wata tsutsar da suka haɗiye a cikin hanjinsu. Masu cin fumfuna, irin Aphelenchus, suna da ɗan tsinke siriri a baki da wani babban dunƙule a tsakiyar maƙogwaro wanda ya kusa cika faɗin jikin, kuma wannan dunƙulen shi ne ke fara ɗaukar ido tun a ƙaramin ƙarfin madubi. Akwai kuma masu cin komai na zuriyar Dorylaimida, manya masu maƙogwaro siriri a gaba mai faɗi a baya, waɗanda suke taɓa duk abin da suka samu. A 1993 Yeates da abokan aikinsa suka tsara waɗannan ɗabi'u zuwa rukunoni 8, kuma har yau a kan tsarinsu ake tafiya, duk da cewa abincin nau'o'i da yawa daga siffar baki aka hakaito shi, ba wai an gan su suna ci ba. Dangin Tylenchidae, alal misali, suna da yawa a kusan kowace ƙasa, amma har yanzu ana jayayya kan ko fumfuna suka fi ci ko gashin saiwa.

Masu cin tsiro dukkansu suna da tsinken baki, amma tsinken iri uku ne, kuma banbance su shi ne darasin farko na wannan fanni. Na zuriyar Tylenchida allura ce mai rami a tsakiya da ƙulli uku a gindi inda tsokar da ke tura ta take kamawa. Na Xiphinema da Longidorus dogo ne ƙwarai, kashi biyu, wanda ke iya kaiwa can cikin saiwa alhali tsutsar tana waje. Na Trichodorus lanƙwasasshe ne kuma ba shi da rami. Wannan bambanci yana da nauyi a aikace, domin rukunoni biyun ƙarshe ne kaɗai aka sani suna yaɗa bairos tsakanin tsirrai, abin da aka fara tabbatarwa a 1958 a Kalifoniya, lokacin da Hewitt da Raski da Goheen suka nuna cewa Xiphinema index ce ke ɗaukar wata cutar inabi daga kurangar nan zuwa waccan. A cikin Tylenchida ɗin ma, ana sauka mataki-mataki ta hanyar duba yadda ƙarshen maƙogwaro ya hau kan hanji, da adadin mahaifa, da wurin mafitar ƙwai. Pratylenchus tana da mahaifa ɗaya, mafitar ƙwanta tana can baya, maƙogwaron ya hau hanji ta gefen ciki. Radopholus, mai kayar da ayaba, wadda Nathan Cobb ya fara bayyanawa daga tsibirin Fiji a 1893, tana da mahaifa biyu, mafitar tana kusa da tsakiya, hawan kuma ta gefen baya yake. Scutellonema, wadda ɗaya daga cikin nau'o'inta ke sa doya busasshen ruɓa a rumbu, ana gane ta da wasu manyan ɗigo biyu masu kama da garkuwa a gefen wutsiya.

Ga wanda tambayarsa ita ce lafiyar ƙasa, tsayawa a matakin dangi ya wadatar. A 1990 Tom Bongers na jami'ar Wageningen a ƙasar Holan ya jera dangogin nematod a kan ma'auni daga 1 zuwa 5. Masu lamba 1, irin Rhabditidae, gajeren rai gare su da yawan ƙwai, sukan cika wuri cikin 'yan kwanaki idan aka zuba taki. Masu lamba 4 da 5, irin mafarauta da manyan Dorylaimida, suna daɗewa, haihuwarsu kaɗan ce, fatarsu tana saurin shan guba, kuma su ne ke fara ɓacewa idan aka yawaita huɗa ko magani. Matsakaicin lambobin da aka samu a samfuri yana nuna ko ƙasar ta zauna lafiya ko an dame ta. A 2001 Ferris da Bongers da de Goede suka faɗaɗa tsarin ya riƙa nuna ko ruɓewar ganye a wurin ta hannun bakteriya take bi ko ta hannun fumfuna. An gina wannan ma'auni ne a kan ƙasar Turai, kuma a ganina ya kamata a riƙa karanta sakamakonsa da hattara a jigawar da ke bushewa ƙayau wata bakwai a shekara, inda rinjayen Cephalobidae zai iya zama ɗabi'ar wurin ba alamar lalacewa ba.

Wanda tambayarsa ta shafi abin da zai shuka kuwa, dole ya sauka har matakin nau'i, kuma a nan ne aikin ke tsananta. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 wani masani ɗan Holan, de Man, ya kawo dabarar rubuta siffar tsutsa da lissafi: a raba tsawon jiki da faɗinsa, a raba shi da tsawon maƙogwaro, a raba shi da tsawon wutsiya, a kira sakamakon a da b da c, daga baya aka ƙara V, wato wurin mafitar ƙwai bisa kashi cikin ɗari na tsawon jiki. Ana haɗa waɗannan da tsawon tsinke, da adadin layukan gefen jiki, da siffar ƙarshen wutsiya, da gaɓoɓin namiji. Matsalar ita ce ma'aunan sukan canza da abin da tsutsar ta ci da zafin wurin da ta girma, har 'ya'yan uwa ɗaya da aka raina a kan tsiro biyu su ba da lambobi mabambanta, sannan lambobin nau'o'i makusanta sukan shiga cikin juna. Ƙari a kan haka, nematod tana saɓa sau huɗu kafin ta balaga, mafi yawan abin da ake samu a samfurin ƙasa 'ya'ya ne, alhali mabuɗan gane nau'i an rubuta su ne a kan balagaggun mata da maza. A nau'o'i da dama ma ba a samun namiji sai nadiran, domin macen tana haihuwa ba tare da barbara ba.

Babu inda wannan wahala ta fi bayyana kamar gidan Meloidogyne (gida a nan shi ne rukunin nau'o'i makusanta a cikin dangi), tsutsar da ke sa saiwar tumatir da kuɓewa da gauta da wake ta yi ƙulle-ƙulle. Mai lambu da ya ga tumatirinsa na yaushi da rana duk da ya sha ruwa, idan ya tuge zai tarar da saiwar ta kumbura gudaji-gudaji. A kan wake da gyaɗa akwai wurin ruɗewa, domin su ma suna da ƙullin bakteriya mai amfani da ke ƙara wa ƙasa ƙarfi, amma bambancin a hannu ake jin sa: ƙullin amfani a gefen saiwa yake liƙe, ana murza shi ya fita, cikinsa ja-ja ne, shi kuwa na tsutsa kumburin saiwar ce kanta, ba ya ɓamɓaruwa sai an karya. Berkeley ya fara ba da labarin wannan cuta a 1855 a kan kokwamba a Ingila, Göldi kuma ya raɗa sunan Meloidogyne a 1887 bayan ya gan ta a saiwar kofi a Barazil. Duk da haka, shekaru da yawa aka yi ana ɗaukar duk masu ƙulla saiwa a matsayin nau'i ɗaya mai suna Heterodera marioni, ana kuma mamakin yadda amfanin gonar da ya tsira daga gare ta a wannan jiha yake faɗuwa a waccan. Sai a 1949 Benjamin Chitwood na Amurka ya raba su, ya dawo da sunan Göldi, ya tabbatar da incognita da javanica da arenaria da hapla da exigua. Yau nau'o'in gidan sun kai kimanin 100.

Alamar da Chitwood ya dogara da ita tana buƙatar hannu mai natsuwa. Ana tsaga ƙullin da allura a ƙarƙashin madubi, a zaro macen, wadda ta daina kama da tsutsa ta koma fara ƙal mai siffar ɗan tulu, girmanta bai kai milimita ɗaya ba. A yanke bayanta, a wanke kayan ciki a ruwan asid mai sauƙi, a gyara gefunan fatar ta zama 'yar murabba'i, a shimfiɗa a kan gilashi. Abin da zai bayyana shi ne zane-zanen fata da ke kewaye da mafitar ƙwai da ta kashi, masu kama da zanen yatsa. Na javanica yana da layi biyu da suka ratsa zanen daga gefe zuwa gefe, kuma shi ne mafi sauƙin ganewa. Na incognita yana da baka mai tsawo a sama, na arenaria bakansa gajere ne mai kafaɗu, na hapla yana da 'yan ɗige-ɗige kusa da wutsiya. A littafi abin gwanin tsari ne, amma a kan gilashi, cikin mata goma daga saiwa ɗaya za a iya samun uku da suka dace da hoton, sauran kuma suna tsaka-tsaki, sannan ba abin mamaki ba ne nau'i biyu su haɗu a ƙulli ɗaya.

Saboda haka aka nemi shaida ta biyu daga tsirrai. A ƙarƙashin wani shiri na ƙasa da ƙasa da Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa ta jagoranta daga 1975, Sasser da abokan aikinsa suka tsara gwaji da amfanin gona shida: auduga, taba, tattasai, kankana, gyaɗa da tumatir. Ana zuba wa kowanne ƙwan tsutsar a tukunya, a jira kusan wata biyu, a duba wanda ta hayayyafa a kansa. Incognita ba ta yin gyaɗa, hapla tana yin gyaɗa amma ba ta yin kankana, arenaria kuma wani reshenta yana yin gyaɗa wani ba ya yi. Wannan gwaji yana da jinkiri, amma yana da wata fa'ida da sauran ba su da ita, wato amsarsa ita ce ainihin abin da manomi ke son ji: idan ya bi tumatir da gyaɗa a wannan fage, tsutsar za ta mutu da yunwa ko za ta ƙara ƙiba. A 1985 Esbenshade da Triantaphyllou suka kawo hanya mafi sauri, inda ake murƙushe mace guda a bi da ruwan jikinta ta cikin wani farantin jeli da lantarki, wasu sinadaran jikinta su jeru layi-layi. Javanica tana ba da layi uku tabbatattu, shi ya sa ake sa ta a gefe a matsayin ma'auni. Hanyar ba ta aiki sai da balagaggiyar mace mai ƙwai, ba ta da amfani ga 'ya'yan da aka tato daga ƙasa kafin shuka, wato a daidai lokacin da aka fi buƙatar amsa.

Labarin Meloidogyne enterolobii ya nuna tsadar kuskuren suna. An bayyana ta a 1983 daga wata bishiya a tsibirin Hainan na ƙasar Sin. A 1988 wasu masana suka bayyana wata daga Fotoriko da sunan mayaguensis, aka yi shekaru ana rubutu a kansu a matsayin abu biyu, sai a 2012 aka tabbatar cewa ɗaya ce. Zanen fatarta yana kama da na incognita, don haka an daɗe ana rubuta ta da wancan suna a wurare da dama, har da Afirka ta Yamma, inda aka same ta a Senegal da Burkina Faso da Kwaddibuwa, aka kuma ba da rahotonta a kan doya a Najeriya a 2016. Muhimmancin abin shi ne irin tumatir da ake sayarwa a matsayin mai jure tsutsar saiwa yana ɗauke ne da wata ƙwayar gado mai suna Mi, wadda aka samo daga tumatirin daji na ƙasar Peru, kuma tana kare shi daga incognita da javanica da arenaria amma ba ta tare enterolobii. Ita Mi ɗin kuma ƙarfinta yana raguwa idan zafin ƙasa ya haura digiri 28, abin da ba baƙo ba ne a lambunan rani da bazara. Idan irin ya faɗi a wani lambu, ke nan, akwai dalilai uku masu yiwuwa: zafi, ko wani reshen incognita da ya koyi keta kariyar, ko enterolobii. Maganin kowanne daban ne, kuma ba a raba na ukun da sauran sai da sahihin suna.

Yayin da ake wannan fama a ƙasan bishiyar zuriya, samanta ma ya girgiza. Tun shekarun 1930 Chitwood ya raba nematod gida biyu bisa samuwa ko rashin wasu ƙananan gaɓoɓin ji a gefen wutsiya, aka san su daga baya da Secernentea da Adenophorea, kuma haka aka koyar fiye da shekara 50. A 1998 Mark Blaxter da abokan aikinsa suka kwatanta wani yanki na DNA, wato sinadarin ƙwayar gado, da ake kira 18S daga nau'o'i 53, suka ga cewa Adenophorea ba zuriya ɗaya ba ce, tarkace ne na rassa mabambanta da aka haɗa don kawai sun rasa abu ɗaya. Suka fitar da manyan rassa 5, De Ley da Blaxter suka sake tsarin zuwa Enoplea da Chromadorea, sannan a 2006 Holterman da abokan aikinsa a Wageningen suka ƙara yawan samfuri suka kai rassan 12. Abin da ya fi jan hankali shi ne cin tsiro bai taso sau ɗaya ba, ya taso aƙalla sau huɗu a rassan da ba su kusa da juna, kuma wannan ne ya bayyana dalilin da ya sa tsinken baki ya zo iri-iri. Aphelenchus da Aphelenchoides, waɗanda babban dunƙulen maƙogwaro ya sa aka daɗe ana ajiye su kafaɗa da kafaɗa, a wannan tsari sun faɗa rassa daban. Kamannin sana'a ne ya haɗa su.

Masana sun kuma rabu kan inda iyakar nau'i take. Xiphinema americanum da Cobb ya bayyana a 1913 an farfasa ta tun daga 1979 har ta zama gungu mai sunaye fiye da 50, waɗanda da yawansu ko ƙwararru ba sa iya raba su da tabbaci, kuma da yake wasu daga cikinsu suna yaɗa bairos wasu ba sa yi, jami'an killace tsirrai a kan iyakoki ne ke shan wahalar. Amma ba duk rabuwa ce ɓata lokaci ba. A 1973 Stone na cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila ya ware Globodera pallida daga rostochiensis, tsutsotsin dankalin turawa biyu da bambancinsu na fili shi ne macen rostochiensis tana bi ta launin zinariya kafin ta zama ruwan ƙasa, ta pallida kuma ba ta bi. A Birtaniya an yawaita shuka dankali mai jure rostochiensis, sai pallida ta samu fili ta mamaye gonaki. Ma'aunin da nake ganin ya dace a auna kowace rabuwa da shi shi ne ko sabon sunan yana hasashen wani hali, kamar abin da tsutsar ke ci ko cutar da take ɗauka, ko kuwa lambobi ne kawai suka ɗan goce.

DNA ta warware matsalar 'ya'ya, domin ɗa guda da aka tsinto da gashin gira a ƙarƙashin madubi ya isa a yi gwaji. Yankin 18S yana raba dangi da gida, yankunan ITS da D2-D3 na 28S da COI suna sauka zuwa nau'i. Amma ko a nan Meloidogyne ta ƙi ba da kai, domin incognita da javanica da arenaria sun samo asali ne daga gaurayar zuriya kuma ba sa barbara, yankunan da aka saba dubawa kusan iri ɗaya ne a jikinsu, sai da aka koma ga wasu gwaje-gwaje na musamman ga kowane nau'i da kuma wani yanki mai suna nad5. Sabuwar hanyar da ake karanta DNA ɗin samfuri gaba ɗaya a lokaci guda tana ba da dogon jeri cikin sauri, sai dai ba ta ƙirga kawuna daidai, saboda babbar tsutsa guda tana iya rinjayar ƙanana ɗari, kuma na'urar ba ta yin komai illa kwatanta abin da ta karanta da abin da ke rumbun bayanai. Idan wanda ya saka bayanin farko ya kuskure suna, kuskuren zai yi ta yaɗuwa, idan kuma nau'in bai taɓa shiga rumbun ba, za a liƙa masa sunan makusancinsa na Turai ko Amurka.

Wannan giɓi ya fi faɗi a ƙasashenmu, inda akwai nau'o'in da nan ne aka fara ganinsu. Aphelenchoides arachidis, wadda ke zama a cikin jar fatar ƙwayar gyaɗa tana sa ta dushe ta yamutse, Bos ya bayyana ta a 1977 daga arewacin Najeriya. Scutellonema cavenessi sananniya ce a gonakin gyaɗa da gero na Senegal, tana shafe rani a bushe kamar matacciya ta farfaɗo da ruwan farko, wanda ke nufin samfurin da aka ɗiba a watan Maris aka ɗora a faranti kwana ɗaya ba zai nuna yawanta na gaskiya ba. Aphasmatylenchus straturatus kuma a Burkina Faso aka danganta ta da rawayar ganyen gyaɗa. Domin irin waɗannan su shiga rumbu da sunansu na gaskiya, tsarin da ƙwararru ke bi yanzu shi ne a ɗora tsutsar a ɗigon ruwa, a ɗauki hotunan kai da maƙogwaro da mafitar ƙwai da wutsiya a babban ƙarfin madubi, a auna ta, sannan a yanka ita wannan tsutsar a ciro DNA ɗinta, a kuma adana 'yan uwanta daga samfuri ɗaya a gilisarin a kan gilashi mai lamba, domin duk wanda ya yi shakkar sunan nan gaba ya samu abin da zai koma ya duba.